Ruwan da Ba Ya Jiƙa Gona

Abu biyu mutane suke ɗauka game da sana'ata, kuma duka biyun ba haka ba ne. Na farko, wai mai gidan gem zama kawai yake yi ana kawo masa kuɗi. Na biyu, wai idan mutanen cikin gem suka fi kama da mutanen gaske, to wasan ya fi daɗi kuma ya fi kyau ga mai shago. Na farkon ba ya ɓata mini rai, don duk wanda ya faɗe shi na san bai taɓa kwance hannun gem ya ga abin da babban yatsan manomi yake yi masa ba. Na biyun kuwa ni ma da shi na yarda har ranin nan, kuma shi ne ya sa yau zaurena yake kulle, makullin yana aljihun Baba.

Saboda ku nake rubuta wannan, ku ƙannena da kuke zuwa hutu daga Kumbotso. Kun tarar da kwaɗo a ƙofa, amma bai hana ku tsaya a kaina kuna cewa, "Yaya Sa'a, mu ma in mun gama makaranta gidan gem za mu buɗe" ba. Ku buɗe mana, wa ya hana ku? Amma ku ji tukuna, kuma kada wanda ya katse ni.

Zauren na gidanmu ne, a ƙauyenmu tsakanin Kura da Bunkure, ƙofarsa tana kallon hanyar da take gangarawa bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Yayana Mudi ne ya fara sa talabijin biyu a ciki, da na'urar gem biyu irin 'yan toka-tokan nan masu murfi a sama, da ƙaramin janareta a bayan katanga. Lokacin ina babbar sakandare. Bai yi niyyar koya mini komai ba. Hannuwansa ne manya, sukurorin gem kuwa ƙanana, in ɗaya ya faɗi a tabarma sai ka ji ya ƙwala kira, "Sa'adatu! Zo ki nemo mini, ke da kike da ido." Daga nemo sukur na koma riƙe masa fitila, daga riƙe fitila na fara ce masa ba nan ba ne. Ranar da ya gaji da surutuna ya miƙo mini sukundireba ya ce, "To gwana, ga shi nan." Iya koyon da aka yi mini ke nan.

Hannun gem na farko da na buɗe, maɓallin buga ƙwallonsa ne ya daina aiki. Da na ɗaga murfin, abin da na gani laka ce ta bushe, da farar ƙurar takin zamani, da ƙwayar tumatir guda biyu manne a jikin roba. Masu zuwa wurinmu ba 'yan birni ba ne masu laushin hannu. Samari ne da suke fitowa daga fangalin tumatir ko gonar shinkafa, yatsun da suka saba matse bakin tiyo su suke ɗorawa a kan abin da aka yi wa yaran da ba su taɓa ɗaukar fartanya ba. Na naɗa auduga a tsinken ashana, na tsoma a sipirit, na goge. Sannan na goga bakin fensir a kan baƙin ɗigon da yake ƙasan robar, kamar yadda na ga Yaya Mudi yana yi. Ya tashi. Washegari na ajiye bokitin ruwa da sabulu a bakin ƙofa, na ce wanda bai wanke hannu ba kada ya taɓa mini kaya. Sun yi ta dariya, suka sa mini suna Injiniya, amma sun wanke.

Kayan aikina duka a gwangwanin madara ɗaya suke: sukundireba biyu, sipirit, auduga, fensir, dalma, da wata doguwar ƙusa da na sa wa mariƙin kara. Wayar hannun gem kullum a wuya take tsinkewa, inda ake fizgarta in an ci mutum. Ba zan tayar da janareta don waya ɗaya ba, sai in sa ƙusar a garwashin da aka sauke tuwo, in ta yi zafi in narka dalmar da ita. Ita kuma na'urar, in idonta ya gaji ya daina karanta kaset, akwai dabara: kifa ta ake yi, cikinta ya kalli sama. Kada ku tambaye ni dalili, na buɗe ta ba sau ɗaya ba don in gano, abin da na fahimta kawai shi ne idon yana ɗan matsowa kusa da kaset ɗin. Baƙo in ya shigo ya ga na'ura a kife sai ya kai hannu zai gyara mata zama, zaure duka ya ɗauki ihu.

Shekarar da na gama makaranta Yaya Mudi ya bi motar tumatir zuwa kudu, ya samu gurbi a can ya zauna. Kowa ya ɗauka za a sayar da kayan. Na je na samu Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana, kuma shi ya sa nake samun abin da wasu ba sa samu.

"Uwata," ya ce, "mace a gidan wasan samari?"

"Ba gidan wasa ba ne, Baba, zaurenka ne. Duk wanda yake shiga ka san ubansa."

Sannan ya ce in sa tebur a bakin ƙofar da take shiga cikin gida in zauna a bayansa, in an kira salla in kashe komai. Ya ƙara da wadda ta fi nauyi: "Ranar da wani ya kawo mini ƙara saboda abin nan, ranar ya tashi. Ba zan sake maimaitawa ba."

Shi Baba bai ɗauki gem a bakin komai ba. In zai wuce ta zaure sai ya leƙa talabijin ya ce, "Mutanen kwalin nan har yanzu ba su gaji ba?" Kuma gaskiyarsa. 'Yan ƙwallon tsohuwar na'ura kansu kamar kwalin sukari, fuska babu hanci babu baki, gudu suke kamar an ɗaura musu kara a gwiwa. Amma ga abin da na lura da shi ina zaune a bayan teburin nan: tunda ba su da fuska, samarin sai suka ba su tasu. Dogon da yake baya wane ne, gajeren mai gudu wane ne, mai tsaron gidan da ƙwallo take bi ta tsakanin ƙafafunsa kuwa duk wanda aka ci jiya shi ne. Ba wanda ya taɓa cewa ciyawar filin ba ta yi kama da ciyawa ba. Kore ce, shi ke nan, a buga.

Yanzu ku saurara, don a nan maganar take. A wurinmu ba agogo ne yake raba wa mutum yini ba, ruwa ne. Ruwan kanal layi-layi ake sakinsa. In mai buɗe ƙofar ruwa ya sako wa layinku, dole ka kasance a bakin gonarka da tiyonka, in ba ka nan ba wanda zai tsaya jiranka, na ƙasa da kai su sha, a juya ruwan wani layin. Saboda haka a zaurena akwai ƙa'idar da ba ni na kafa ba, da kanta ta kafu. Da zarar wani ya leƙo ya ce ruwa ya sauko layin kaza, 'yan layin sai su zubar da hannun gem ko ana tsakiyar fanareti. Wanda ya tashi don ban ruwa bai yi asarar wasansa ba. Baki ne yake riƙe masa. "Biyu da ɗaya muke, kai ne a gaba, saura rabi." In sun dawo sai in kunna musu, a bar wannan ya ci biyu, wancan ya ci ɗaya, a ɗora. Shekara da shekaru haka muke yi, ba a taɓa kai wa Baba ƙara ba.

Wanda ya fi kowa iyawa shi ne Garzali. Tun rasuwar mahaifinsa shi yake noma wa mahaifiyarsa, Inna Kande, 'yar gonarta ta tumatir. Ba ya surutu in yana wasa, sai dai ya ciji leɓe. Ya fi kowa karya mini maɓalli, kuma ya fi kowa saurin tashi in an kira ruwa. Ku riƙe wannan.

Bana ruwa ya yi mana wuya. Ciyawar kacalla ta cinye cikin kanal, bangonsa kuma ya tsage a can sama da mu. Abin da yake isowa kaɗan ne, layi yana daɗewa bai zagayo ba, kuma ba wanda zai ce maka ga ranar da zai zo. Da yawa daga cikin samarin suka tafi Kano acaɓa. Waɗanda suka rage sai na ga suna wuce ƙofata a kan keke suna nufar Kura, wai wani ya kawo sabuwar na'ura baƙa. Ranar kasuwa na bi gwaggona, na ratse na leƙa ta tagar shagon. Wallahi na manta da gwaggon. Na ga ɗan ƙwallo yana zufa. Na ga rigarsa tana kaɗawa, inuwarsa tana binsa. Na dawo gida na kalli mutanen kwalina kamar yau na fara ganin muninsu.

Na kwashi tsofaffin biyu na kai wa wani mai sayar da kayan gem a kasuwa a Kano, na yi ciko, ya ba ni baƙar guda ɗaya da kaset uku da ɗan memori, wato abin da ake soka mata ta ajiye inda mutum ya tsaya. Talabijin ɗaya ya koma ƙarƙashin zane. Ban damu ba. A raina na ce ɗaya mai kyau ta fi biyu na kwali.

Zaure ya cika kamar ana rabon taki. Amma ba na ƙwallon ne ya kama su ba, wani kaset ne da kake zama mutum ɗaya, ka hau mota, ana aikenka wurare. Akwai birni a ciki, akwai kuma bayan gari mai gonaki da shanu da wani kogi mai gada. Ku tuna shekarar da muke ciki. Mutanen da idonsu ya gaji da kallon busasshen kanal sai ga ruwa cike fal, yana sheƙi, rana tana wasa a kansa. Duk wanda ya karɓi hannu sai ya bar aiken da aka yi masa, ya tuƙa motar zuwa bakin kogin ya tsaya. Har dattawan da ba su taɓa taka zauren ba suka fara tsayawa a bakin ƙofa.

Daga nan kuma aka fara abin da ban taɓa gani ba: ƙorafi.

"Injiniya, wa yake yanke musu ciyawar bakin ruwan nan?"

"Ina ƙofar da ake sako shi?"

"Kai, shiga gonar can mu ga me suka shuka."

Aka shiga. Daga nesa shuka ce kore shar, da aka matso sai ga ta shafal kamar an yanko hoto an kafa. Ba ta tsinkuwa, ba ta takuwa, mota ta bi ta kanta ta tashi tsaye yadda take. Zaure ya ɗauki tsaki. Akwai wani Bafulatani, Ja'e, da yake shayar da shanunsa a ƙasan garinmu, in ya kawo wa gidanmu nono yakan tsaya kallo. Ya sa aka tsayar masa da mota kusa da wata saniya, ya ƙura mata ido.

"Tun ɗazu ba ta tuƙa ba," ya ce. "Kuma ba ƙuda ko ɗaya a jikinta. Wannan ko dai ba ta da lafiya, ko kuma ba saniya ba ce."

"To Ja'e, saya za ka yi?" in ji wani.

"Ko kyauta ba na so. Kai dai da aka ba ka mota ka kasa wuce bakin ruwa, Bahaushe."

Ina bayan tebur ina ta mamaki. Mutanen nan shekara nawa suna kallon kai mai kusurwa huɗu ba su ce uffan ba. Yau an ba su abin da ya kusa zama duniya, sai ga shi abin da ya rage masa kawai suke gani. Na gane cewa in abu ya ce maka shi wasa ne, sai ka yi wasa da shi. In ya ce shi gaskiya ne, sai ka fara yi masa tambayoyin da ake yi wa gaskiya, kuma ba zai iya amsawa ba. Ni ma ban tsira ba. Wata rana bayan la'asar na kwance baƙar don in ga inda ruwan yake. Fanka na gani, da faranti kore mai ɗigo-ɗigo, da ƙura. Na ɗaga kaset ɗin a rana ina juya shi. Wani mutum a wata ƙasa ya zauna ya koya wa wannan faifan yadda haske yake karyewa a kan ruwa. Ta yaya? Da me? Wata nawa ya yi? Har yau tambayar tana cina.

Sai dai akwai abin da duk ba mu kula da shi ba. Wannan kaset ba irin na ƙwallo ba ne da baki zai riƙe maka. Ba za ka ce "biyu da ɗaya" a dawo da kai ba. In an aike ka, sai ka gama aiken ka koma da mutumin har gidansa na cikin gem, a nan kaɗai memori yake ajiyewa. In ka tashi kafin nan, duk wahalar da ka sha ta tafi. Ana iya tsayar da hoton, amma na'ura ɗaya gare ni, mutane na jira, janareta na shan mai, ba zan bar hoto a tsaye har mutum ya gama ban ruwa ba.

Akwai wani aike da ya gagari kowa: ka ɗauko kaya a bayan gari, ka haye gadar nan ana binka, ka kai gida motar ba ta mutu ba. Garzali ya ɗora wa kansa. Kullum a gadar yake faɗawa ruwa. A lokacin ya riga ya yi dashen tumatirin Inna Kande, ya sha ruwa sau ɗaya, yana jiran na biyu, ganye ya fara lanƙwasa.

Wata rana da hantsi, yana zaune ya ciji leɓe, sai ga shi ya haye gadar. Zaure ya kaure. Ihun bai kwanta ba Ja'e ya leƙo yana haki.

"Ruwa ya sauko layin gabas! Kaɗan ne, ku yi sauri!"

Kafin ya rufe baki 'yan layin gabas sun watse, har da wanda ya bar takalmi. Garzali ɗan layin gabas ne. Bai motsa ba.

"Garzali, layinku ne," na ce.

"Na ji."

"To tashi mana."

"Yanzun nan, Injiniya. Bari in kai gida."

"Wane gida? Gidanku yana can, gonarku tana can."

"Don Allah ki bari, ba ki san wuyar da na sha ba. Kwanar hanya biyu ce kawai ta rage in sha."

Ba kwanar hanya biyu ba ce. Hanyar doguwa ce, ya ɓata, ya juyo, ya sake ɓata. Na yi masa magana har na gaji, na kai hannu zan zare waya ya tare da gwiwarsa, idonsa bai bar talabijin ba. Namiji ne da gemu a haɓarsa, ba zan yi kokawa da shi ba. Na shiga cikin gida, na zagaya bayan katanga, na kashe janareta. Na ji ihun Garzali daga can kamar an taka shi. Ya fito a guje ya ɗauki tiyo, ko kallona bai yi ba.

Ya tarar an juya ruwan. Abin da ya saura a magudanar gonarsu laka ce mai sheƙi. Bai kai mutumin gida ba, bai ba tumatir ruwa ba. Ya yi ta jigilar jarkoki a keke daga rijiya, ya ceci kusurwa ɗaya, sauran suka ƙone a tsaye.

Inna Kande ba ta aiko ba, da kanta ta zo. Ta yi sallama, ta ƙi tabarma, ta tsaya a tsakar gida gaban Baba.

"Malam, ni ba faɗa na zo yi ba. Yaron nan tun yana ƙarami ko zazzaɓi yake bai taɓa barin ruwa ya wuce shi ba. Tambaya na zo yi. Me 'yarka ta ajiye a zauren nan?"

"Inna, na kira shi," na ce. "Har janareta na kashe."

"Na ji kin kashe, 'yar nan. Ni wanda zai tayar mini da tumatir nake nema."

Baba ya ba ta haƙuri, ya yi mata alkawarin iri daga nasa. Da ta fita ya juyo.

"Uwata, kin tuna abin da na ce?"

"Na tuna."

Ya sa kwaɗo da hannunsa.

Na bar shi ya huce. Bayan 'yan kwanaki na ce masa abu ɗaya nake roƙo, ya zo ya ga abin da ya kulle, don bai taɓa tsayawa ya kalli sabuwar ba. Ya buɗe, na tayar da janareta, na tuƙa motar zuwa bakin kogin na tsaya. Baba ya matso har hularsa ta kusa taɓa gilashin. Ya daɗe.

"Ikon Allah," ya ce. "Mutum ne ya yi wannan?"

"Mutane ne, Baba. An ce da yawa."

"Bakinsa a bushe yake. Ruwa mai yawan nan, ƙasar gefensa ko danshi babu." Ya ɗan ja baya. "To nuna mini yadda ake ce masa ya jira."

Na yi masa bayanin gidan mutumin, da memori, da tsawon hanya. Ya sa na maimaita.

"Wato sai lokacin da shi ya ga dama zai sallame ka."

"Haka ne."

"Mutanen kwalin fa?"

"Su ko yaushe ka tashi ka tashi."

Ya gyara babbar rigarsa. "Ban ce kin yi laifi ba. Amma muddin baƙin abin nan yana zaurena, makulli yana aljihuna." Ya sake leƙa ruwan sau ɗaya kafin ya fita, na gan shi.

Tun ranar nake juya maganar masu yin gem ɗin nan. Ban raina su ba, wanda ya iya sa zufa a goshin hoto ba abin rainawa ba ne. Amma ina ganin junansu suke kallo, ba mu ba. Wannan ya yi inuwa, wancan sai ya yi inuwa da ƙura, na gaba ya ƙara gashin gira, kowace sabuwar na'ura ta fi ta baya tsada da zafi da shan wuta, kaset ɗinta ƙarzane ɗaya ya kashe shi. Duk wannan wahala sun sha ta a kan abin da Ja'e zai kalla sau ɗaya ya ce ba saniya ba ce. Amma ɗan abin da zai bar mutum ya ajiye wasa a inda yake ya tafi uzurinsa, ba su ga ya kai su tsaya a kansa ba. Ina jin a tunaninsu duk mai wasa yana ɗakinsa ne shi kaɗai, wuta ba ta ɗaukewa, ba mai jiran hannu a bayansa, ba abin da zai mutu in ya ƙara rabin awa. Wataƙila a can haka ne. Ina so in sani. Ko kuwa da gangan suke nisanta gidan don kada ka tashi? Wannan ma ina so in sani.

Jiya Garzali ya zo karɓar irin da Baba ya yi alkawari. Ya same ni a ƙofar gida ina goge kaset. Ya yi ta shafa ƙeya, can ya ce, "Injiniya, da kin bar ni, saura kaɗan fa."

"Ka sake faɗa in kira Inna Kande ta ji."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Me yake bayan aiken nan, kin sani?"

"Wani aiken."

To kun ji, masu son buɗe gidan gem. Ga abin da na yanke. Ranar Asabar zan naɗe baƙar a zani in hau motar Kano, in mayar wa mai kayan, in karɓo 'yan toka-toka biyu ko da sai na kifa su za su yi aiki. Na san za a yi mini tsiya, na san wasu za su ci gaba da tafiya Kura kallon zufa. Su je. Ni zan buɗe talabijin ɗin da na rufe da zane, in cika bokiti, in karɓi makullina. Kafin in baro kasuwar kuma zan tambayi mutumin inda ake koyar da yadda ake sa ruwa a cikin faifai, ko makarantar kwamfuta ce ko wurin wani ne, in ji ko suna ɗaukar mata. Ba don in yi wanda ya fi nasu sheƙi ba. So nake in gani da idona ko da gaske wurin tsayawar nan yana da wuyar sawa, ko kuwa su ne ba a taɓa leƙo musu an ce ruwa ya sauko ba.

Garzali ya ce zai ɗaukar mini kayan zuwa bakin titi. Na ce ya fara zuwa ya tambayo ko Asabar ɗin ta layin gabas ce.